Alkahira da iyali: gidan tarihin da ya ci kuɗinsa, da waɗanda za ka bari sai wani jiƙon

Tun da na dawo daga Masar karo na biyu mutane ke ta kirana, wai ina da ina ya kamata su kai iyali in sun je Alkahira, musamman waɗanda asibiti ya kai su ko masu yada zango kwana biyu uku kafin su wuce Umara. Na gaji da maimaita magana ɗaya, bari in rubuta kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Da farko ku san da wa na tafi, don shi ne ma'aunina. Hajiyarmu ce, wadda ciwon gwiwa ya sa muka kai ta ganin likita, sai uwargida da yara biyu, babban shekararsa tara ƙaramar biyar. Saboda haka ni ba na auna wuri da yawan kayan da ke ciki. Tambayata ita ce taku nawa tsohuwa za ta yi kafin ta samu wurin zama, akwai sanyi ko babu, ina za a yi alwala in azahar ta yi, sannan mutum nawa ne za su tare ka a ƙofa suna neman aljihunka. In kai saurayi ne da jakarka a baya to wannan rubutun ba naka ba ne, je ka duk inda ƙafarka ta kai ka.

Wurare huɗu ake ta ambata. Akwai tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, akwai sabon ƙaton nan da ke kusa da dalolin Giza wanda aka buɗe a hukumance a Nuwamban 2025, akwai na kayan tarihin Musulunci a Babul Khalk, sai kuma na Fustat, wanda Larabawan ke ce wa Mathaful Hadara. Kar in ja ku da nisa, na Fustat shi ne nawa, kuma in kwana ɗaya tal gare ku shi za ku je.

Dalili na farko, abin da Bahaushe yake zuwa nema can yake. Kowa in ka ce masa ka je Masar tambayar farko ita ce ka ga gawar Fir'auna? To gawarwakin sun bar Tahrir tun Afrilun 2021, lokacin da aka kwashe su guda 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, aka yi musu jerin gwano cikin dare har Fustat. Har yau akwai masu zuwa Tahrir su biya tikiti su gama zagaye suna tambayar ina Fir'auna, a ce musu ai ya tashi.

Ɗakin gawarwakin a ƙasa yake, da duhu-duhu da sanyi, an yi shi kamar kana shiga kabarinsu, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki, ma'aikatan ba sa wasa da wannan, ka mayar da wayarka aljihu kawai. Kowane sarki da akwatin gilashinsa da ɗan bayani a gefe da Larabci da Turanci. Na tura Hajiya a keken guragu har gaban Ramsis na biyu, mutumin da ya yi shekara 66 yana mulki, ga shi nan kwance ya bushe kamar kilishi, hancin nan a lanƙwashe, har gashin kansa yana nan ja-ja a ƙeya, hannuwa a kan ƙirji. Hajiya ta yi shiru ta daɗe, can ta ce "ɗan matsa da ni", na matsa, sai ta fara karanta ayar nan ta Suratu Yunus a hankali. Yaron nan nawa da ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya ko motsi bai yi ba, sai da muka fito ya ce Baba shi ma yana da farce irin namu.

Amma a nan sai an yi hattara da baki. Babu inda aka rubuta a jikin gilashin cewa wannan ne Fir'aunan Annabi Musa. Wasu sun ce Ramsis ɗin ne, wasu sun ce ɗansa Marnabta ne, shi ma yana nan cikin ɗakin, wasu malaman kuma sun ce babu tabbas a kan ko ɗaya. Duk ɗan rakiyar da ya nuna maka ɗaya ya rantse cewa shi ne aka tsamo daga teku, daɗin baki yake maka don ka ƙara masa na goro. Wanda ya fi ba ni tsoro ma wani ne Sekenenre, da raunukan sara a goshinsa ƙiri-ƙiri, ka san ba a kan gado ya mutu ba.

Dalili na biyu, wurin bai fi ƙarfin ƙafa ba. Babban zauren na sama ɗaki ɗaya ne shimfiɗaɗɗe, an jera kaya tun daga zamanin da ake sassaƙa dutse, zuwa fir'aunoni, zuwa Girkawa da Rumawa, zuwa Kiristocin Kibɗawa, zuwa Musulunci har kwanan nan. Awa biyu kun gama komai har da hutawa, yara ba su kai ga fara kukan yunwa ba. Uwargida ta fi daɗewa a wajen kayan saƙa, don akwai ƙyallen rigar Ka'aba, ai shekaru aru-aru a Masar ake ɗinka ta a kai Makka, ni kaina sai a nan na san haka. A waje kuma ga tafkin Ainus Sira, ku zauna ku sha iska.

Dalili na uku shi ne unguwar. Fustat ita ce garin farko da Musulmi suka kafa a Masar, kuma masallacin Amru bin Asi, sahabin da ya ci ƙasar, yana nan kusa, 'yan mintoci a mota. An kafa shi wajen shekarar 642, ko da yake an sha rushewa ana sake ginawa, ginin da za ka gani ba na zamanin sahabbai ba ne. Nan muka yi azahar, fili ne wayam da inuwa, yara suka yi ta guje-guje a tsakar masallacin babu mai tsawata musu. Kabarin Imamu Shafi'i ma ba nisa. Wato da safe ka ga ƙarshen masu girman kai, da rana ka yi salla inda sahabi ya kafa alƙibla, ka koma masauki kafin la'asar Hajiya ta sha maganinta. Ni dai ban ga tsarin da ya kai wannan ba.

Sabon na Giza fa? Kyau kam ba a magana. Tun daga ƙofa gunkin Ramsis mai tsawon wajen mita 11 zai tare ka, ga kayan Fir'auna Tutankamun sama da 5,000 da aka tono daga kabarinsa bayan an gano shi a 1922, duk an haɗa su wuri guda, ga jirgin ruwan Fir'auna Khufu. Sai dai girmansa ya yi yawa, yini guda yake ci, tikitinsa ya fi na sauran tsada nesa ba kusa ba, in ka lissafa mutum biyar sai ka ji a jikinka. Ni kaɗai na je a tafiyata ta biyu kuma na gode Allah da ban jawo tsohuwa ba. Mata da miji su biyu masu ƙarfin ƙafa, ku je, ku sa takalmi mai taushi.

Na Tahrir gini ne na 1902, har yanzu cike yake da kaya, amma manyan baƙin sun tashi, na masu karatun tarihi ne. Na Babul Khalk kuwa in kana son tsofaffin Alƙur'anai da fitilun masallaci da ƙofofin katako masu zane za ka ji daɗi, yara dai minti ashirin za su fara jan rigarka. Ganuwar Salahuddin hawa ce da duwatsu, mai ciwon gwiwa ya hango ta daga mota ya wadatar.

Yanzu ga maganar da ta fi duk wannan muhimmanci, wato wanda zai kai ka. A nan aka ƙone ni, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Tafiyar farko wani direba muka samu a bakin masauki, fara'a kamar ya haɗiye mu, ya hajji ya hajji, Najeriya ahsan nas. Muka yi ciniki zai kai mu dalar Giza ya dawo da mu. Ashe dalar ce ƙarshen abin da ke ransa. Ya fara tsayawa da mu wani wuri wai gidan tarihin takardar bardi na gwamnati, wato takardar ciyawa ta mutanen Masar na dā, shiga kyauta. Shago ne kawai. Daga nan sai wai masana'antar turare, aka zaunar da mu aka kawo shayi, aka fara shafa wa uwargida turaruka a bayan hannu, wannan na Kilyobatara ne, wannan asalin miski ne ba a sirka ba. Kun san matanmu da turare, wadda ta saba haɗa humra da kanta ma sai da ta faɗa. Muka sayi kwalabe huɗu, da muka dawo Kano aka buɗe, biyu ƙamshin bai kai la'asar ba, mai ne kawai aka ɗiga wa wani abu. Daga baya na gane direban yana da kasonsa a duk abin da muka saya, shi ya sa ya yi zamansa a waje yana shan sigari bai ce mu yi sauri ba. Awa uku suka tafi a haka, muka isa dala rana ta take, Hajiya ko fitowa daga mota ba ta yi ba.

Sai mai raƙumi. Ya ce hoto kawai, kyauta, hadiyya don yaro. Kafin in ce a'a ya ɗora yaron, raƙumi ya miƙe, ya ja shi ya yi gaba. Hawa kyauta ne, saukowa ce ta kuɗi. Da na ce nawa ya ce hamsin, na miƙa masa fam hamsin na Masar ya ce shi fam ɗin Ingila yake nufi, ga yarona can sama yana kuka ƙanwarsa a ƙasa tana taya shi. Ni da na taso ina ganin raƙuma suna shigowa Kano da kanwa, wai ni aka yi wa wannan. Na biya abin da na biya don a sauko min da ɗana.

Saboda haka ku riƙe waɗannan. Duk wanda ya tare ku a hanya ya ce an rufe gidan tarihi yau, ko ana salla sai bayan awa biyu, ku zo in kai ku wani wuri kafin nan, ƙarya yake, ku wuce ku je ƙofar ku gani da idonku. Duk wanda ya ce ku ba shi tikitinku ya duba alhali ba a bakin ƙofar shiga yake ba, kar ku ba shi, in ya riƙe ya zama ɗan rakiyarku dole. Duk abin da aka ɗora muku a kafaɗa ko aka danƙa wa yaro aka ce hadiyya, ku ajiye shi a ƙasa ku ce la shukran, wato a'a na gode, ku yi gaba, kar ku tsaya bayani, kunyar nan tamu ita suke ci. In za a yi ciniki a faɗi kuɗin, a faɗi na wace ƙasa, a faɗi na mutum nawa, a faɗi har da dawowa. Tikiti kuma a tagar hukuma ko shafinsu na intanet, kuma ku tafi da katin banki mai aiki a waje don yawancin wuraren nan sun daina karɓar tsabar kuɗi, katin naira kuwa ba kullum yake amsawa ba, ku gwada shi tun a masauki. Kuɗin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa, wannan ba cuta ba ce haka tsarin yake, ɗalibi mai katin makaranta kuma ana rage masa.

Abin da ya gyara min tafiyar shi ne ɗaliban Azhar. Yaranmu suna nan da yawa, daga Kano, Zariya, Maiduguri, Damagaram, kuma ba yau aka fara ba, tun zamanin da akwai ruwaƙin Barnawa a cikin masallacin Azhar inda ɗaliban ƙasarmu ke sauka. Wani ɗan unguwarmu da ke karatu can shi ya karɓe mu kwana na uku, ya kira Uber a wayarsa, kuɗi a rubuce babu ciniki, shi ya kai mu Fustat ɗin. Larabcin kasuwa yake ji, in 'yan damfara suka matso kalma biyu zai faɗa su watse. Hajiya sai sa masa albarka take, "ɗan nan Allah Ya yi maka albarka, da kai muka samu tun farko". Amma don Allah in kun ɗauki ɗalibi ku sallame shi da kyau, ku ciyar da shi, ku tambaye shi ko yana da darasi ranar, ba bawanku ba ne. Kuma su ma a samo ta hannun wanda aka sani, don na ji ana cewa akwai 'yan tsiraru da suka koyi cin kaso a shaguna da asibitoci.

Takardar bardin nan da muka saya guda uku tana nan a gida. Ɗalibin ne ya nuna min yadda ake ganewa: ta gaske in ka ɗaga ta a haske za ka ga zaren ciyawar a gicciye, wani a tsaye wani a kwance, kuma tana naɗuwa ba ta karyewa. Ta bogi da ganyen ayaba ake yi, zanen ma bugawa ake yi ba da hannu ba. Na ɗauko tamu na ɗan lanƙwasa gefe ɗaya, sai ji na yi ƙaras.