Kimono My House na Sparks: faifan da sai da allura mai kyau

Kimono My House kundi na uku ne na Sparks, ƙungiyar mawaƙa daga Amurka, amma shi ya fito da su. Wa da ƙani, Ron da Russell Mael, sun baro Los Angeles zuwa Ingila a 1973, suka ɗauki makaɗa uku 'yan ƙasar: Adrian Fisher a jita, Martin Gordon a bas, Dinky Diamond a ganguna. Kamfanin Island ya fitar da faifan a watan Mayun 1974, Muff Winwood ya tsara sautin, ya kai na 4 a jadawalin Birtaniya.

Waƙoƙi goma ne, biyar a kowace fuska, kuma nauyinsu duka a wuyan Russell yake, don shi ke rera su. Ron kan tsara karin waƙa a fiyano ba tare da la'akari da inda mawaƙi zai ja numfashi ba, shi ya sa muryar ƙanen ke tsalle daga ƙasa zuwa can ƙololuwa, siririya, kalmomi na tunkuɗar juna. "This Town Ain't Big Enough for Both of Us", wadda ta kai ta 2, ta fi nuna haka: fiyanon lantarki mai amsa-kuwwa, ƙarar harbin bindiga, sai jita ta faɗo da ƙarfi. Baitocin ma ba na kowa ba ne. "Here in Heaven" kukan Romeo ne daga lahira don Juliet ta fasa bin sa, "Talent Is an Asset" kuwa kan yarintar Einstein take. "Complaints" ce kawai za a iya tsallakewa ba a yi asara ba.

Mai neman tsohon faifan garmaho ya fara gwada "Equator". Ita ce ta ƙarshe a fuska ta biyu, kusa da tsakiya, inda layin faifai ke wucewa a hankali ƙarƙashin allura, ga shi kuma muryar tana can sama. In allurar mai shi na baya ta ci layin, za a ji kowace "s" tana fita a gurɓace, kuma wanki ba ya gyara wannan. A saita nauyin allura yadda kamfanin da ya ƙera ta ya ce, galibi wajen giram 2. Rage nauyin ya fi ɓarna, don allurar kan riƙa karkarwa tana kankare bangon layin.

Kada bangon ya ruɗe ku a shago: mata biyu ne sanye da kimono, babu sunan ƙungiya a gaba. Wanda ya fi son CD ya nemi bugun da aka ƙara wa "Barbecutie" da "Lost and Found".