Kumho Ecsta a ƙafar tsohuwar SLK: abin da na gani a titunan Kebbi

Motata Mercedes SLK 230 Kompressor ce, ƙirar farko da aka yi tsakanin 1996 da 2004, mai kujera biyu da rufin ƙarfe da ke naɗewa ya shige but. Tayoyin baya ke tura ta, kuma gajeriya ce, shi ya sa duk abin da ka sa mata a ƙafa ba ta ɓoye maka. Na ɗaura mata tayoyin Kumho Ecsta guda huɗu gab da shigowar bazara. Sun sha zafin Afrilu a Birnin Kebbi, sun ratsa damina, ga shi mun shiga hunturu. Ina ganin yanzu na isa in faɗi ra'ayina.

Wahalar farko ba ta kuɗi ba ce, ta lamba ce. Motar ba taya iri ɗaya take ɗauka ba: gaba 205/55 R16, baya 225/50 R16. Ta gaba ko'ina akwai ta, don ita ce ke ƙafar Corolla da yawa. Ta baya kuwa sai an tona. Shago bayan shago amsa ɗaya ake ba ni, wai in sa 215/60 irin ta Camry, mota ta ɗan ɗaga, in huta da bugun ƙasa. Shawara ce mai daɗin ji ga wanda ya san ramukan hanyarmu, sai dai lissafin bai fita ba. Lamba ta biyu tana nufin tsayin gefen taya a kan faɗinta: kashi 55 na milimita 205 da kashi 50 na 225 duk suna ba da wajen milimita 113, wato da gangan aka daidaita gaba da baya su zo tsayi ɗaya. Ta Camry tana kai 129. Ka sa ta, allurar gudu ta riƙa yi maka ƙarya, taya ta riƙa gugar jikin mota in ka faɗa rami, in kuma baya kaɗai ka canza, na'urar burkin ABS da ke ƙirga juyin kowace ƙafa ta riƙa samun lissafin da bai dace ba. Daga Kano aka turo mini na baya ta motar haya.

Kafin nan an gwada ni da 'yar Baljiyam. Mai shagon ya mirgino wasu manya biyu masu babban suna, zane zar-zar, ya ce: "Alhaji, wagga ko sabuwa ba ta hi ta ba. Bature bai taka ta ba sai kaɗan." Gaskiya ya faɗa a kan zanen. Amma da na duƙa na duba gefe, sai ga hoton dutse mai tsini uku da ƙanƙara a ciki, da harufan M+S. Tayar sanyi ce, an yi robarta da taushi don ta kama titi a lokacin da ruwa ke daskarewa a Turai. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba, irin wannan roba laushi take ƙarawa, ta cinye da wuri, burki kuma ya yi tsawo. Na kai yatsa cikin kwarin zanen, sai ga ƙananan tsaga kamar faso a dugadugi. Lambar da ke ƙarshen layin DOT, wato rubutun gefen taya da ke ɗauke da lokacin da aka ƙera ta, ta nuna ta haura shekara goma da fitowa daga masana'anta.

Wannan lamba ita ce abin da na fi dagewa a kai. Alƙaluma huɗu ne: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1824, mako na 18 ne na 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka ƙera ta, su kuwa masu ƙerawa irin Michelin suna cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta biyar, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta na nan. Ga irin motata wannan magana ta fi ƙarfi, domin ba kullum take fita ba. Tsufa ne zai kashe tayarta, ba tafiya ba. Kuma kada a ɗauka sabuwa ba ta tsufa: lambar da ba a yawan nema kamar 225/50 tana iya shekara uku a sito ba wanda ya taɓa ta. Ban tura ko kwabo Kano ba sai da aka ɗauko mini hoton lambar kowace taya ta WhatsApp.

Me ya sa Kumho, ba Michelin ko Continental ba? Aljihu ne ya yanke hukunci. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008, duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, farashinta na bin dala. Ban musa cewa manyan sun fi ba idan aka kai mota iyakar ƙarfinta. Tambayar ita ce, a ina zan kai ta can? Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, inda shanu ke tsallaka titi, kabu-kabu ke fitowa ba sallama? Biyan kuɗin kamun da ba zan taɓa amfani da shi ba, a kan tayar da shekaru za su cinye kafin zane ya ƙare, bai yi mini ma'ana ba. A ƙasa kuma akwai masu arha sosai da ban ma iya karanta sunansu ba, waɗanda ba na son in gano halinsu a kan kwana. Na tsaya a tsakiya, inda 'yan Koriya suke: Kumho, Hankook, Nexen. Kumho ce na samu lambar gaba da ta baya iri ɗaya, masu kwanan wata kusa. Na tabbatar harafin gudu bai gaza V ba, wato kilomita 240 a awa. Ba don zan yi wannan gudu ba. Tayar da aka gina don ta jure shi ta fi jure zafi, kuma zafi ne abokin gabanmu a nan.

A kan busasshiyar kwalta, abin da na fara lura da shi sitiyari ne. Da can sai na juya, mota ta ɗan yi tunani kafin ta bi. Yanzu hannu na motsawa take bi. Ƙugin da nake ji daga baya, wanda har na fara zargin boris ɗin ƙafa, ya ɗauke gaba ɗaya; ashe tsofaffin tayoyin ne suka sanƙare. A hanyar Kalgo zuwa Jega da rana tsaka, in na tsaya na dafa su, da zafi, amma ba irin wanda ke ƙona tafi ba, kuma ba warin roba.

Damina ce ta sa na yarda kuɗina bai tafi a banza ba. Ruwan farko shi ne mugu, lokacin da ƙura da man da manyan motoci suka zubar suka haɗu suka zama santsi. A da, in na fito daga shataletale na ɗan ƙara wuta, bayan motar kan zame, fitilar gargaɗi ta hau ƙyaftawa. Da waɗannan sai na matsa mata da gangan kafin ta nuna alama, kuma ko ta fara, a hankali take yi, tana ba ka damar sassauta ƙafa. Wata yamma bayan Ambursa, ana tsuga ruwa, akuya ta faɗo titi. Na danne burki har ƙasa, na ji ABS na bugun tafin ƙafata, motar ta tsaya a miƙe ba ta karkata ba. Akuyar ma ta wuce abinta ba ta waiwayo ba.

Akwai abin da taya ba za ta gyara ba. Gefen milimita 113 ba ya yafe rami. In ka faɗa da gudu, ko dai gefe ya kumbura ko rim ya lanƙwashe, ko wane suna ke jikinta. A yashin unguwa kuma tayar kwalta tayar kwalta ce, faɗinta ba ya ceton ka. Sannan tunda gaba da baya ba ɗaya ba ne, babu zancen musanya su don su ci daidai. Na baya za su riga ƙarewa, na sa wannan a lissafi tun yanzu.

Wajen ɗaurawa na tsaya a kansu har aka gama. Na nemi mai injin cire taya, don ƙarfen da masu faci ke ɓanɓara da shi yana cin bakin rim na alminiyam. Zanen waɗannan tayoyi ba ɗaya ba ne ciki da waje, akwai gefen da aka rubuta OUTSIDE, kuma sai da na nuna wa yaron shagon kafin ya juya ɗaya da ya riga ya kafa a baibai. Na sa sabon bawul a kowace, aka yi balansin da alaimen. Da aka zo iska, ya riga ya nufi 45, don haka suka saba. Na buɗe masa murfin tankin mai inda Mercedes ke liƙa takardar awo, ya ga lambar ba ta kai 40 ba.

"Yallaɓai, ai za ta yi laushi," in ji shi.

Na ce a bar ta hakan. Na sayi ƙaramin geji na ajiye a mota, ina aunawa da safe kafin rana ta taɓa su. Daga lokacin zuwa yanzu ta hagun baya ce kaɗai ta taɓa raguwa, ita ma ƙusa ce ta taka a bakin kasuwa, aka yi mata faci daga ciki.