Akwaponi a bayan gida: wata 10 bayan wani matashi ya haɗa mani nan Tahoua

Tun randa na sa hoton salatin nan a WhatsApp mutane ke ta damuna da tambaya, wa ya haɗa maka, nawa ka kashe, wai da gaske babu ƙasa ko kaɗan, to bari in amsa ma kowa gaba ɗaya tunda yanzu abin ya cika wata 10 a gidana, na ga sanyinshi na ga zahinshi na ga damanarshi. Sunan yaron ba zan sa ba nan, mai so ya taɓo ni a keɓe.

Matashi ne ɗan garin nan, ya yi karatun noma, aikinshi haɗa ma mutane abin da ake ce ma akwaponi, wato kihi da kayan miya su rayu da ruwa guda. Ruwan da kihi sunka ɓata ɗan inji ya ɗauke shi ya kai ma shuke-shuke cikin tsakuwa, su tsotse dattin, ruwan ya komo wurin kihi a tace, haka abin ke ta zagayawa dare da rana. Ni maganar ruwan ce ta ja ni, kowa ya san Tahoua da ruwa, na taɓa yin ɗan lambu bayan ɗaki wata shekara sai da kuɗin 'yan garuwa ya hi kuɗin salatin da munka ci, na haƙura.

Munka yi ciniki jika 285. A ciki akwai tankin roba mai lita 1000 irin mai kejin ƙarhe ɗin nan, ya yanke kanshi ya maida shi wurin shuka, da tano guda da ya tsaga biyu, da tiyo, da inji, da panno mai ɗaukar hasken rana da batiri, da ɗiyan kihi 50. Na ba da rabi abansi. Ya ce mako guda, sai da ya kusa uku, amma wannan ban ma sa shi cikin laihi ba, ma'aikacin da zai ce maka Asabar ya zo Asabar har yau ban gamu da shi ba.

Inda ya burge ni tun hwarko wurin tsakuwa ne. Ni da wayona na riga na sa mai amalanke ya juye mani hwarar tsakuwa mai arha ƙohwar gida don in rage kuɗi. Yaron nan da ya zo bai ce komi ba, ya ɗebi kamar guda biyar ya zuba cikin ɗan kohin shayi, ya ce a karɓo mishi binegar wurin uwargida, ya tsiyaya. Wallahi sai ga kumhwa tana tasowa tana ƙara kamar an buɗe kwalbar lemu. Ya ce "Kawu wagga ba ta yi, irin dutsen da ake siminti da shi ne a Malbaza, kullum zai riƙa narkewa cikin ruwan shina ɗaga pH, shuka ta kasa cin abinci ko da abincin na gabanta." Shi pH ɗin nan awon tsami ko kanwar ruwa ne, ya ce na ruwan akwaponi tsakanin 6 da 7 ake son shi, kuma Adar cike take da irin dutsen nan, duk wanda zai yi a nan ya gwada tukuna. Haka na yi asarar amalanke guda, munka nemo wata ja wadda ba ta kumhwa, shi da yarana sunka wanke ta har sau biyar kahin ruwan ya daina hita ja, ya zuba ta zurhin santi 30. Hwarar tana nan har yanzu bakin ƙohwa yara na jihwar ƙadangare da ita.

Sai kuma jira, abin da ya kusa haɗa ni da maman yara. An gama haɗawa cikin Nuwamba, ruwa na gudu, amma kihi goma kacal ya sa, ya ce sauran sai an yi haƙuri. Bayaninshi shi ne kihi na hidda amoniya, ita kuma guba ce gare su, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani da za su zauna jikin tsakuwa su maida ta nitrit, wasu kuma su maida nitrit ɗin nitrat, shi ne takin da shuka ke sha, kuma da kansu suke taruwa, sai an ba su makonni. Da yake lokacin sanyi ne namu ya kai mako shida. Duk bayan kwana uku sai ga shi bisa babur da 'yan kwalabenshi, ya ɗebi ruwa ya ɗiga magani ya ɗaga sama shina kallon launi kamar likita. Ya kuma hana a zuba ruwan pompo kai tsaye, sai ya kwana biyu cikin tano a buɗe maganin da ake sa mishi ya hita, in ba haka ba ya kashe ƙwayoyin nan a koma hwarko. Uwargida ta leƙo wata rana ta ce "Malam, yanzu kusan jika ɗari uku ka ba da ka sayo ƙarar ruwa?" Ban da amsa ranar.

Kihin ma sai da munka ja. Ni karhwasa na so irin ta tabkin Tabalak, ita muke so a gidan, shi ya tsaya kai da hwata sai tarwaɗa, wai ita tana iya tasowa sama ta shaƙi iska in ruwa ya yi ƙarancin iska, karhwasa ko in inji ya tsaya ba ta jurewa kamar ta. Na bi shi ba don raina ya so ba.

Daga Janairu zuwa Maris kam sai hamdala. Salati, na'ana'a, lansir, alayyahu, da tumati gindi biyu da ya hau igiya har ya wuce katanga. Salatin babu ƙasa babu yashi, ka tsinka ka ɗauraye sau ɗaya ka ci, ba kamar na kasuwa ba da sai an wanke shi uku huɗu. Maganar ruwa kuma gaskiya ya hwaɗa, bido guda mai lita 25 nake ƙarawa a kwana biyu. Ita mai cewa ƙarar ruwa ita ce ta koma aika ma maƙwabta na'ana'ar shayi tana cewa ta gidanmu ce.

To sai zahi ya shigo, nan ne nake da magana da yaron nan. Bai yi ma abin runhwa ba, bai ce mani in yi ba, ya dai ce shekara duka za ka ci salati Kawu. Ina! Afrilu na kamawa salatin ya miƙe sama ya yi tsiri ya yi ɗaci ko akuya sai da ta yi tunani, rana ta kai 44 zuwa 45, in ka sa hannu cikin tankin da la'asar kamar ruwan wankan jariri, bido guda a yini ma bai isa. Batirin da ya sa ashe ƙarami ne kuma ba sabo ba, da sanyi shina kai sahiya da ƙyar ban lura ba, wani dare cikin Mayu wuta ta ɗauke shi ma ya mutu, inji ya tsaya. Da asuba na hito alwala ban ji ƙarar nan ta ruwa ba, gabana ya hwaɗi, na haska tocila sai ga kihi duk sun taso sama bakuna a buɗe, bakwai sun juya ciki, wari kuma ba a magana. Da karhwasa ce da ko ɗaya ba zan tarar ba, wannan na yarda. Ni da babban yarona munka yi ta ɗiban ruwa da bokiti muna kwararawa daga sama har rana ta hito panno ya kama. Na kira shi ya hi sau goma ranar, bai ɗauka ba, kwana huɗu, ashe shina Yamai wurin wani aiki. Ko saƙo ɗaya dai ai ka turo.

Da ya dawo ya zo har gida ya durƙusa ya ba da haƙuri, ban iya ci gaba da hushi ba. Ya canza batiri babba munka raba kuɗin, munka kahwa runhwar zana, munka naɗe tankin da tsohuwar tabarma, wadda ta rage zahi ta kuma hana gansakuka, ya ce a cire salati a sa yakuwa da lalo da kuɓewa, su kam ko a jikinsu. Ganyen da ya hwara yin ruwan ɗorawa jijiyoyinshi na kore ya ce ƙarancin sinadarin ƙarhe ne, ya kawo wata hoda ana sa kaɗan, cikin mako biyu sabon toho ya hito kore shar. Kun ga ya san aikin. Abin da ya ba ni haushi duk wannan ya san shi tun Nuwamba, bai hwaɗa ba don kar debi ɗin, wato lissahin kuɗin aikin, ya yi nauyi in gudu.

Haka bai gaya mani tarwaɗa na cin junanta ba, manya na haɗiye ƙanana in ba a ware su, shida sunka ɓace ba gawa ba labari har na hwara zargin kyanwar maƙwabta. Kuma 50 ɗin ma sun yi yawa, littahin 2014 na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da shi da kanshi yake ambato kusan kilo 20 na kihi ya ce a lita 1000, nawa tankin kuma an yanke kanshi. Shi ya sa munka hwara cin manyan tun da wuri, kuma babu ƙarnin laka ko kaɗan, barkonon kihin ya yi daɗi.

Wanda ke lissahin zai yi kasuwanci da ɗan wannan ya aje alƙalami. Abincin kihi mai yawo bisa ruwa daga Najeriya yake shigowa ta Ƙonni, kuɗinshi yau daban gobe daban, shi ke cin riba. Kuma akwai aiki kullum, ka ba su abinci sahe da yamma, abin da ba su cinye ba cikin rabin awa ka kwashe, ka goge ƙura bisa panno, ka duba saiwa ba ta toshe tiyo ba. In kana tahiye-tahiye kuma babu mai kula a gida kar ka soma.

Shi dai yaron zan sake ba shi aiki, har na ba shi ma, Asabar ya ce zai zo ya ƙara mani tano guda kahin sanyi ya shigo a maida salati. Amma wannan karon na sa ya rubuta girman batiri da runhwa da lambar ƙanenshi cikin takarda ya sa hannu. Sabon tanon ma uwargida ta riga ta ce nata ne.