Gargaɗi ga masu ɗinka wandon jins a Jidda da Makka: ana sayar da maɓallin baƙin ƙarfe da sunan tagulla

Assalamu alaikum 'yan'uwa teloli, maza da mata, musamman masu ɗinki a cikin gida a Jidda da Makka da Madina. Akwai wata damfara da ke yawo a zaurukan WhatsApp da TikTok da Snapchat, kuma masu ɗinka wandon jins na yara da na manya ake hari, galibi gab da Sallah ko komawa makaranta, lokacin da aiki ya yi wa tela yawa ba ya da sukunin zuwa kasuwa. Maɓallin jins na bugawa ake tallatawa. Sai a ce muku tagulla ce zalla, ba ta tsatsa, daga kamfani kai tsaye, farashi kuma ƙasa da na 'yan sarin Balad, tsohuwar unguwar kasuwanci ta Jidda. Wani lokaci har da sunan YKK a jikin leda. YKK kamfanin Japan ne na gaske, kayansa kuma sanannu ne a duniya, amma buga haruffa uku a takarda a manna wa leda ba ya gagarar duk mai firinta.

Dabarar tasu a samfur take. Mandub, wato ɗan aiken da ke kai kaya, zai kawo miki guda biyar ko goma kyauta, Hajiya, kuma waɗannan na ƙwarai ne: masu nauyi, ƙusarsu ta shiga ta zauna daram. Kin gwada kin gamsu, sai a ce ki tura rabin kuɗi kafin alƙalami saboda kaya sun kusa ƙarewa. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko dai lambar ta daina shiga, ko kuma a kawo ƙulli a naɗe da salatif, mandub yana sauri mota na jira, ki biya cikon, sai kin buɗe ki tarar launi ɗaya ne da samfur amma kaya daban. Na biyun ya fi muni, domin asarar ba a kuɗin maɓalli take tsayawa ba. Sai an buga shi a wando talatin, an kai wa masu shi, an wanke sau biyu, sannan jan tabo ya bayyana a ƙugu.

Kafin a gane jabu sai an san yadda na gaske yake. Maɓallin jins kashi biyu ne: kan maɓalli mai wuya, da ƙusa mai faffaɗan gindi wadda ake sakowa ta cikin wando. Wanda aka fi amfani da shi faɗinsa milimita 17 ne, na yara kan zo 14 ko 15, akwai kuma 20 na jaket. Ƙusar da aka saba gani tsawonta wajen milimita 8 ne, ana samun doguwa don yadi mai kauri. A cikin wuyan yawancin maɓallan akwai wata roba mai tauri da rami a tsakiya, jikin ƙusar kuma gaɓa-gaɓa ne. Idan aka buga, gaɓoɓin nan su ke cizon robar, ba sa kuma sakinta. A wani nau'in babu roba, bakin ƙusar ne ke lanƙwashewa a cikin ƙarfen ya kulle. Nau'in biyu ba sa musayar ƙusa. Wannan shi ne abin da 'yan damfara ke ci da shi: suna haɗa ragowar kan maɓalli na wani kamfani da ragowar ƙusar wani, su zuba a leda ɗaya. Ido ba ya ganewa, guduma ce ke tona asiri. Ƙusar ko ta shige sakwa-sakwa maɓallin ya riƙa juyawa har ya fita da ja ɗaya, ko ta ƙi shiga ta lanƙwashe, ko ta fasa fuskar maɓallin ta leƙo waje.

Gwajin farko ba ya cin minti ɗaya. Ku sa mayen ƙarfe a cikin ledar, ko da irin wanda ake manna wa ƙofar firij ne. Tagulla ba ta kama mayen ƙarfe. Duk maɓallin da ya maƙale baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla, kuma a danshin Jidda, da iskar gishirin Bahar Maliya, da gumin zafin Makka, wannan ruwan ba ya daɗewa. Amma a kula, rashin kamawa ba hujja ba ce cewa tagulla ce, domin tutiya, wato ƙarfen zinc, da alminiyam su ma ba sa kamawa. Don haka a ɗauki magagari ko samfefa a goge gefen bayan maɓallin har a wuce fentin sama. In cikin ya fito ruwan ɗorawa, tagulla ce. In ya fito fari-fari mai toka, tutiya ce. Maɓallin tutiya ba laifi ba ne, ana sa shi a wanduna da yawa na kanti, sai dai ba kuɗinsa ɗaya da tagulla ba, kuma mai arahar cikinsa yana da gautsi, yana tsagewa a wuya in guduma ta sauka da ƙarfi. Haka ƙusar alminiyam, kada wani ya ce muku ita kanta alamar jabu ce. Kamfanonin kirki ma suna yin ta. Abin dubawa shi ne gaɓoɓinta: in sun fito sosai har farce yana maƙalewa a jikinsu, to madalla, in sumul take kamar an shafe, ba abin da za ta riƙe.

Gwajin tsatsa yana son haƙurin kwana biyu, kuma shi ne wanda mai damfara ba ya so a samu lokacin yi. A narka ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a ruwa mililita 100, wajen kashi biyar cikin ɗari ke nan, irin ƙarfin ruwan gishirin da masana'antu ke gwada ƙarfe da shi. A jiƙa farin ƙyalle, a naɗe maɓalli uku da ƙusoshinsu a ciki, ɗaya daga cikinsu wanda aka goge, a sa a leda a ɗaure. Bayan kwana biyu a kwance. Jan tabo a ƙyallen tsatsar baƙin ƙarfe ce, kuma ita ce za ta fito a ƙugun wandon mutane. Tagulla kan ɗan dusashe ko ta bar ɗan kore-kore, ba ta yin ja. Kada a yi gwajin nan da samfur. A cikin ƙullin da aka kawo za a ɗebo, daga ƙasan leda, tunda wasu kan barbaɗa na ƙwarai a sama.

Akwai wata illar da ta fi tabo. Farin maɓalli mai araha sau da yawa ruwan nikel ake yi masa, gindin ƙusar kuma yana gugar fata a ƙasan cibiya. Mutane da dama jikinsu ba ya ɗaukar nikel, sai wurin ya yi ja, ya yi ƙuraje da ƙaiƙayi daidai faɗin ƙusar, gumi kuma yana ƙara abin. A wandon yara, ko wane iri kuka saka, ku ɗinka ɗan ƙyalle ya rufe gindin ƙusar ta ciki.

Ƙidaya ma ana cuta a cikinta. Ledar da aka rubuta 144, wato dozin goma sha biyu, ko 100, sai a tarar kan maɓalli ya kusa cika amma ƙusa ta yi ƙasa sosai, alhali maɓallin da ba ƙusa ba shi da amfani. Ku auna guda goma a sikelin kicin, ku auna ledar gaba ɗaya, lissafi zai nuna. Kai daban, ƙusa daban.

Sai injin dannawa na hannu da suke haɗawa a ce garaɓasa ne. Injin kansa ba ya komai sai da bakunansa, na sama da na ƙasa, kuma kowane girman maɓalli da nasa bakin. Zaren sukurun bakin sama ma ba ɗaya ba ne, na wasu injuna milimita 6 ne, na wasu 8. Ana turo inji da bakunan da ba sa ɗauruwa a jikinsa, ko bakunan maɓallin riga na latsawa maimakon na jins. Wanda bai ga an ɗaura baki an danna maɓalli mai milimita 17 a gabansa ba, ya sayi biri a sama.

Adalci ya sa a faɗi wannan: ba duk maɓallin da ya fita ne jabu ba, wani lokaci bugun ne bai yi ba, kuma mai damfara zai fake da hakan ya ce hannunki ne. Don haka a gwada shi yadda ya kamata. A fara yin ƙofar maɓalli, wajen milimita 22 zuwa 25 ga maɓalli mai milimita 17. A ja zif har sama, a kwantar da ƙugu yadda zai zauna a jiki, a sa alli ta ƙarshen ƙofar da ke kusa da baki, alamar ta faɗo a kan layin haƙoran zif. Ƙugun ya zama ninki biyu na jins da gam a tsakiya. A huda da basilla tana raba zaren, kada a yanka da almakashi ko reza, saboda hujin da aka yanke zarensa buɗewa yake yi har gindin ƙusa ya wuce. Hujin ya matse ƙusar. A turo ta daga ciki, fiye da rabin tsawonta ya leƙo waje. In yadin siriri ne, kamar na wandon yara mai talewa, a ƙara guntun jins ɗaya ko biyu a ƙarƙashin gindin ƙusar, in ba haka ba ta yi tsawo ta huda fuska. A kifa maɓallin a kan ƙarfe shimfiɗaɗɗe ko katako mai tauri, da guntun jins a ƙarƙashi don kada zanen fuskar ya baje. Ban da kan kafet, ban da kan tayil. A daidaita ƙusar a tsaye cak, a yi ƙananan bugu biyu ko uku har ta kama hanya, sannan a ƙarasa da masu ƙarfi. An gama idan wuyan maɓallin ya danne yadin babu rata. Daga nan a zagaya igiya mai ƙarfi a wuyansa, a ɗaga buhun shinkafa mai kilo 10 da ita ana riƙe da yadin, a ƙirga goma. Masana'antun tufafi ma da nauyi kusan haka suke gwada maɓallin kayan yara, domin wanda ya cire yaro na iya kai shi baki. In an bi duk wannan a kan guntun yadi, biyu cikin biyar suka fita, kaya ne ba su da kyau.

Ƙananan ƙusoshin bakin aljihu ma a yi musu gwajin mayen ƙarfe. Tun 1873, da tela Jacob Davis da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi rajistar wannan fasaha a Amurka, amfaninsu shi ne hana aljihu yagewa. Masu tsatsa kuwa cin zaren wurin suke yi.

Game da biya, kada kuɗi ya fita kafin kaya su zo a buɗe a gabanku. Mai shago na gaskiya yana da rajistar kasuwanci, in kuma yana cikin tsarin haraji faturarsa na ɗauke da lambar QR, abin da aka wajabta tun Disamban 2021. In sunan da ya fito a asusun banki daban ne da na mai tallar, ku tsaya. In bayan kun biya aka ce a ƙaro kuɗin kwastan, kada a ƙara ko halala ɗaya. Lambar sirri da banki ke turowa a waya ba a faɗa wa kowa, kada kuma ku ara wa wani asusunku ya karɓi kuɗin ciniki da shi, saboda ranar bincike sunanku ne a rubuce.

Mun san 'yan damfarar nan sun dogara ne da cewa yawancin masu ɗinki a gida, musamman mata, ba sa son zuwa gaban hukuma, shi ya sa suke zaɓar mu. Duk wanda ke da halin kai ƙara ya kai, ko a madadin 'yar'uwarsa. Ma'aikatar Kasuwanci na karɓar koke ta lamba 1900 da manhajar Balagh Tijari. Dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba mai saye kwana 7 ya mayar da kayan da bai yi amfani da su ba, hukuncin algus a kasuwanci kuma yana kaiwa ɗaurin shekara uku ko tarar riyal miliyan ɗaya ko duka biyun. Wanda aka gudu da kuɗinsa ya kira bankinsa nan take, ya shigar da rahoto ta manhajar Kollona Amn, ya adana hoton hira da rasit da ledar kayan.

Wandunan da aka riga aka buga wa irin wannan maɓalli, a karɓo su kafin tsatsa ta kama yadi. Kada a fizge, yage ƙugu zai yi. A sa filaya mai yanka tsakanin wuyan maɓalli da yadi a datse ƙusar. Maɓallin da aka cire ba ya sake buguwa, a zubar. A manna guntun jins da gam ta ciki, a bi kan tsohon hujin da ɗinki gaba da baya har ya toshe, sannan a huda sabo da basilla a wurin.