Wutar tudu a tashar Los Angeles: inda hidimar AMP ta yi kyau da inda take ciwo

Jirgin kwantena idan ya ɗaure a tasha babban injinsa kaɗai yake kashewa. Janaretocinsa ba sa hutawa, domin su ke riƙe da famfuna da fitilu da na'urorin sadarwa da kwantenonin firji masu ɗauke da nama da 'ya'yan itace. Matsakaicin jirgi yakan ja megawat 1 zuwa 2 yana tsaye, wanda ya cika da firji kuma ya wuce haka nesa. Janareton jirgi yana shan kusan giram 210 na mai a kan kowane kilowat na awa ɗaya. Jirgin da ke jan megawat 1.5 ya yi awa 48 a tasha ya ƙona tan 15 na mai ke nan, ya saki kusan tan 48 na iskar kabon, ban da baƙin ƙurar dizal da iskar naitirojin oksaid mai cin huhu. A Los Angeles, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wannan hayaƙi ba cikin teku yake bajewa ba, kan unguwannin San Pedro da Wilmington yake sauka, inda gidaje da makarantu suke manne da katangar tasha.

AMP (Alternative Maritime Power) ita ce hidimar da hukumar tashar ta kafa domin jirgi ya kashe janareto ya ɗauki wutar gari. Hukuncinmu a kanta tun daga farko: tana aiki, kuma ta cancanci kuɗin da aka kashe. Sai dai ba kyawun injiniyanci ne ya sa jirage suke jonawa ba, doka ce ta tilasta, kuma yawancin matsalolinta suna can ne a 'yan mitocin ƙarshe tsakanin dakalin tasha da gefen jirgi.

Ba da son rai aka fara ba. Ƙungiyar kare muhalli ta NRDC da mazauna unguwannin suka kai tashar kotu a kan faɗaɗa matsayar kamfanin China Shipping, aka yi sulhu a 2003, cikin sharuɗɗan har da samar da wutar tudu. A watan Yunin 2004 matsaya mai lamba 100 ta zama ta farko a duniya da jirgin kwantena ya jona wutar gari. Tsarin farkon nan abin wahala ne: jiragen lokacin suna karɓar volt 440 ne, saboda haka sai aka ɗora taransfoma a kan kwale-kwalen dakon kaya, a jawo shi gindin jirgi, a miƙa wayoyi masu kauri da yawa ɗaya bayan ɗaya. Da aka koma kai volt 6,600 kai tsaye cikin jirgi sai wayoyin suka koma biyu, aka huta da kwale-kwalen. Wannan sauyi shi ya mai da abin hidimar yau da kullum, kuma a kansa aka gina ƙa'idar duniya ta IEC/IEEE 80005-1.

Kamfanin ruwa da wuta na birnin, LADWP, shi ke kawo wutar a kan volt 34,500. A cikin tasha akwai ƙaramar tashar rarraba wuta mai taransfoma da ke sauke ta zuwa volt 6,600. Ƙa'ida ta nemi kowane jirgi ya samu taransfomarsa, kada matsalar wutar jirgi ɗaya ta bi waya ta shiga na kusa da shi. A gindin taransfomar ana ɗaura abin rage gudun wuta na om 200 zuwa ƙasa, domin idan waya ta taɓa ƙarfen jirgi wutar da za ta zuba ta kasance kaɗan, bireka ta gane ta yanke kafin a samu gobara. Daga nan kebul ya bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa ramukan soket da aka haƙa a bakin dakali, kowanne da murfin ƙarfe mai iya ɗaukar nauyin motocin kaya. A ɓangaren kwantena jirgi ne ke zuwa da wayarsa: kebul biyu a naɗe a kan wata babbar gargare, galibi cikin kwantena mai ƙafa 40 da aka girke kusa da bayan jirgin, biyun tare suna ɗaukar har MVA 7.5 (MVA ma'aunin ƙarfin wuta ne mai kusa da megawat). Jiragen yawon buɗe ido sun bambanta, su tasha ce ke miƙa musu waya, kebul huɗu na wuta, a kan volt 11,000 ko 6,600, domin babbansu yakan ja fiye da megawat 10.

Jonawar kanta tana da tsari, kuma a nan ne ake gane tashar da ta ƙware. Akwai mutum ɗaya mai alhaki a tudu, ɗaya a jirgi, suna magana ta rediyo, babu wanda zai taɓa komai sai da yardarsu. Ana fara tabbatar da cewa layin a kashe yake kuma an haɗa shi da ƙasa. Makullan suna bin juna: ba za ka iya zare mabuɗin da ke buɗe soket ba sai ka kulle bireka. Jirgi ya sauko da kebul, ma'aikatan lantarki su cusa filogi biyun su kulle, a duba wayar da ke daidaita ƙarfen jirgi da ƙasar tudu. A cikin kebul ɗin akwai ƙananan wayoyin tsaro da ke zagayawa daga tudu zuwa jirgi su dawo. Idan filogi ya motsa, ko kebul ya ɗame fiye da kima, ko wani ya danna maɓallin gaggawa, zagayen ya yanke, birekokin ɓangarorin biyu su buɗe nan take. Bayan an gwada wannan sai a cire haɗin ƙasa a kunna layi. Injiniyan jirgi ya daidaita bugun janaretonsa da na wutar gari, su yi tafiya tare na 'yan daƙiƙu, ya juye nauyin zuwa tudu, sannan ya kashe janareto. Idan ma'aikata sun saba da jirgin, cikin awa ɗaya an gama. Jirgin da ya zo karon farko, ko wanda ya wuce wata 12 bai jona ba, sai an sake yi masa cikakken gwaji, kuma wannan yakan cinye lokaci mai yawa.

Amurka ta samu wata sa'a da ya kamata a faɗa: wutarta tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, daidai da yawancin jiragen teku. Los Angeles ba ta sayi na'urar sauya bugun wuta ba, wadda tana cikin kaya mafi tsada a irin wannan aiki. Hambug da Rotadam suna kan 50, haka ma Legas da Tema, duk tashar da ke kan 50 sai ta saya, ta kuma tanadi wurin ajiye ta da abin sanyaya ta. Wanda ya ɗauki farashin Kalifoniya ya yi kasafi da shi a ƙasa mai bugu 50 ya yi kuskure tun daga takarda.

Zancen kuɗi. Zuwa farkon 2014 tashar ta kashe kusan dala miliyan 180 ta sa wuta a matsayu 25, wato kimanin miliyan 7 kowace matsaya. Kaso mafi girma daga aljihun hukumar tashar ya fito, daga kuɗin hayar fili da na kaya. Akwai kuma tallafin jiha daga takardun bashi na Proposition 1B da masu zaɓe suka amince da su a 2006, inda aka ware dala biliyan 1 domin rage hayaƙin safarar kaya. Mai jirgi shi ma yana da nasa nauyin: allon karɓar wuta, gargaren kebul, da taransfoma idan jirgin mai ƙaramin volt ne. Abin da ya kamata kowa ya fahimta shi ne hidimar ba ta mayar da kuɗin gininta daga sayar da wuta. Ribarta tana asibiti, a yawan yaran da ba su kamu da asma ba, kuma wannan ba ta shiga littafin tasha. Shi ya sa babu bankin da zai ba da bashi a kanta ita kaɗai. Akwai kuma tarkon kuɗin wuta: kamfanonin wuta suna cajin babban mai amfani a kan ƙololuwar abin da ya ja a wata, ko da na awa ɗaya ne. Matsayar da jirgi biyu kacal suka jona a wata za ta biya ƙololuwar nan gaba ɗaya, kuɗin kowane kilowat ya haura na mai. LADWP ta yi wa AMP jadawalin farashi nata na daban, kuma a ganinmu wannan takarda tana da muhimmanci daidai da taransfoma.

Doka ce ta cika soket ɗin. Hukumar kula da iska ta Kalifoniya, CARB, ta fitar da ƙa'ida a 2007 wadda ta tilasta wa kamfanonin kwantena da firji da yawon buɗe ido su jona a kashi 50 cikin ɗari na ziyararsu daga 2014, kashi 70 daga 2017, kashi 80 daga 2020. Sabuwar ƙa'idar 2020, da ta fara aiki a 2023, ta daina lissafi da kaso, ta koma kan kowace ziyara: a jona cikin awa biyu bayan jirgi ya shirya aiki, kada a cire sai saura awa ɗaya matuƙin tasha, wanda zai fitar da jirgin, ya hau. Ta kuma raba laifi, idan daga tasha matsalar take tasha ce za ta amsa. Daga 2025 ta shafi jiragen dakon motoci da tankokin mai, wato jiragen dakon mai, a Los Angeles da Long Beach. Cewa tilas ake bukata ya fito fili a 2015, lokacin da aka gano cewa wasu daga sharuɗɗan muhalli da aka gindaya wa matsayar China Shipping, wadda aka fara komai a kanta, ba a cika su ba.

Yanzu inda take ciwo. Na farko, kuma mafi yawan faruwa, rashin dacewar wuri. An haƙa ramukan soket ne bisa tsawon jiragen da ake da su a lokacin, sai jirage suka ƙara girma har mita 400. Jirgi ya ɗaure, gargarensa ta faɗo tsakanin rami biyu, kebul bai kai ko ɗaya ba. Ko gargaren tana gefen hagu alhali jirgin ya jingina da dama. Ko ramin ya dace amma ƙafar injin ɗaga kwantena tana kansa. Matsar da jirgi mita 20 ba ƙaramin abu ba ne idan akwai wani a gabansa da wani a bayansa. Maganin shi ne ƙarin ramuka, ko keken kebul mai tafiya a bakin dakali, kuma haƙa sabon rami a dakalin da ke aiki dare da rana ya fi tsada ƙwarai a kan a yi shi tun farko. Duk tashar da ke zana nata yanzu ta matso da ramuka kusa da juna ko ta tafi kai tsaye ga soket mai motsi.

Na biyu ruwa da gishiri. Ramin da ke bakin teku yana tara ruwa idan magudanarsa ta toshe, danshi ya shiga soket, gwajin rufin waya ya faɗi, ba za a kunna ba. Ƙananan fil na zagayen tsaro suna tsatsa ko su lanƙwashe, su riƙa yanke wuta ba gaira ba dalili. Yankewar nan ba wasa ba ce: jirgi ya faɗa duhu, janareton gaggawa ya tashi, firji ɗaruruwa su tsaya har sai an ta da babban janareto. Igiyar ruwa tana hawa da sauka, jirgi yana ɗagowa yayin da ake sauke kaya, saboda haka gargaren dole ta riƙa saki da ja da kanta. Idan na'urar da ke auna ɗamewar kebul ta lalace, ko dai kebul ya saki ya shiga tsakanin jirgi da dakali ya matse, ko ya ɗame ya yanke wuta. Yawancin waɗannan kulawa ce ke maganinsu: a yashe rami, a busar, a shafa mai a fil, a ajiye filogi na canji a kusa.

Na uku, wutar garin kanta tana gajiya. A zafin watan Agustan 2020 da na Satumbar 2022 gwamna Gavin Newsom ya ba da umarnin gaggawa da ya bar jirage su ci gaba da amfani da janaretonsu domin a rage wa layin jiha nauyi. Wato a ranakun da iska ta fi lalacewa, a ranakun ne hayaƙin ya dawo. Wannan rauni ne na gaske, kuma ba hukumar tasha ce ke da maganinsa ita kaɗai ba.

Akwai kuma abin da kebul ba ya kaiwa ko kaɗan. Tukunyar tururi ta jirgi, wadda ke ɗumama mai da ruwa, tana ci gaba da ƙona mai ko an jona. A tankokin mai abin ya fi tsanani, domin da yawansu da tururi suke juya famfunan sauke kaya, ga kuma haɗarin tartsatsi kusa da mai, shi ya sa har yau wutar tudu ga tankoki ba ta yaɗu ba, duk da cewa Long Beach ta fara gwada ta tun 2009. Jirgin da ke jira a waje kan anga shi ma babu abin da AMP za ta yi masa. A watan Janairun 2022 layin jiragen kwantena da ke jiran shiga Los Angeles da Long Beach ya kai 109, kowanne da janaretonsa a kunne. Ga jirgin da ba shi da kayan jonawa, CARB ta amince da kwale-kwale mai dogon hannu da ke kifa hula a kan bututun hayaƙi ya tace shi, irin na kamfanin STAX. Yana kama ƙura da iskar naitirojin oksaid sosai, amma janareton yana nan yana shan mai, kabon yana fita, ƙara ma ba ta ragu ba. Muna ɗaukarsa abin cike giɓi, ba madadin soket ba.

Turai ta bi sahu da dokokinta na 2023: daga 2030 manyan tashoshinta dole su samar da wutar tudu ga jiragen kwantena da na fasinja da suka haura tan 5,000 a ma'aunin girman jirgi, jiragen kuma dole su jona idan tsayuwarsu ta wuce awa biyu. Wannan zai ƙara yawan jiragen da ke fitowa daga ma'aikata da kayan jonawa a jikinsu. Mai jirgin da ke ba da odar sabo yanzu ya nemi a sa masa wurin jonawa a gefe biyu, hagu da dama, da kebul mai rarar tsawo, ya kuma aika wa tasha takardun wutar jirginsa tun kafin ziyarar farko, domin a gama duba dacewa kafin a jefa igiya.