Shekara guda a makarantar yarana: karatu ya yi kyau, darasin motsa jiki sai sa'ar malamin aji

Yarana biyu suna wata firamare mai zaman kanta a nan Kano, babbar a aji huɗu, ƙanenta a aji biyu. Mun cika zango uku cif, shi ya sa nake ganin ina da abin faɗa ga iyayen da ke neman makaranta. Lissafi da Turanci ba ni da ƙorafi. Ana duba littattafai, banɗaki a wanke, maigadi ba ya sakin yaro ga wanda bai sani ba. Inda nake da magana shi ne darasin motsa jiki, wato PHE.

A jadawali an rubuta shi sau biyu a mako, kuma mun sayi riga da wandon wasanni daga makarantar. Amma ba su da malamin fannin, kowane malamin aji ne ke ɗaukar ajinsa. Nan ne na ga bambancin da ya dame ni.

Malamar babbar mutuniyar kirki ce, kuma ta iya koyarwa. Sai dai ranar PHE yaran sukan je da kayan wasanni su dawo da su fes, ko ƙura babu. Na buɗe littafin 'yata na ga shafi uku a kan dokokin ƙwallon raga, da zanen fili da tsawonsa da faɗinsa, alhali ba ta taɓa riƙe ƙwallon ba. In jarrabawa ta matso, sai a mai da lokacin na bitar lissafi. Da na je ɗaukarta na ce, "Anti, yaushe za su fita fili?" Ta amsa min da gaskiya: "Maman yara, ni fa ba fannina ba ne, kuma yara talatin a rana, in wani ya karye wa za a kama?" Ban ga laifinta gaba ɗaya ba. Wadda ta yi NCE a wani fanni daban, aka ɗora mata wannan ba horo, ba ko akwatin taimakon gaggawa a kusa, dole ta ji tsoro. Zafin Maris da Afrilu a Kano ma ba wasa ba ne.

Shi kuma malamin ƙaramin, fili ɗaya ne, kayan aiki ɗaya, wato ƙwallo guda da igiyoyi. Ya roƙi a dawo masa da darasin farkon safiya kafin rana ta ɗaga. Yana raba su gida huɗu, a yi tseren buhu, a yi tsallen igiya, maza su yi langa, 'yan mata su yi 'yar gala-gala a kan layin da ya zana da toka. Shi ma yana cire takalmi ya shiga. Ɗana da a da sai na ja shi daga gaban waya, yanzu shi ke tashina ranar Talata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum. 'Yata daga adaidaita sahu sai aji, daga aji sai Islamiyya, sai gida. Ƙanenta yana fita ƙwallo a layi, ita ba ta fita. In makaranta ba ta ba ta wannan lokacin ba, babu inda za ta samu.

A taron iyaye da malamai na kawo maganar, shugabar makaranta ta ce ai suna yin inta-haus, wato gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai, duk shekara. Na ce ranki ya daɗe, mako biyu na atisayen maci ba zai maye gurbin darasin shekara ba. Na roƙi su ɗauko wanda ya karanci PHE, ko da kwana biyu ne a mako. Jami'ar Bayero (BUK) da kwalejojin ilimi suna yaye su. Ta rubuta, ta ce za su duba.

Zan bar yarana a can. Amma in za ki kai naki, ki je ranar PHE da safe, ki tsaya bakin fili ki ga ajin da ya fito.