DualSense, Fad ɗin Xbox da Joy-Con: Wanne Ya Fi Jin Motsin Hannu?

Ana yawan auna na'urorin wasan bidiyo da ƙarfin injinsu da kyawun hoton da suke fitarwa, amma abin da ɗan wasa yake riƙe da shi tun daga lokacin da ya zauna har ya tashi shi ne fad, kuma ta cikinsa ne kowace niyya tasa take isa cikin wasan. Wannan sharhi ya shafi fad uku da ke gogayya a yanzu: DualSense na PlayStation 5 da fad ɗin Xbox Series, waɗanda duka suka fito a Nuwamban 2020, sai kuma Joy-Con na Nintendo, wanda ya fara zuwa tare da Switch a Maris 2017 aka kuma sabunta shi tare da Switch 2 a Yunin 2025. Abin da na fi sa wa ido shi ne yadda kowanne yake gane motsin hannu, domin a nan ne kamfanonin uku suka fi rabuwa.

Nintendo ce ta fito da wannan fasaha fili da Wii a ƙarshen 2006. Rimot ɗin Wii yana ɗauke da ma'aunin saurin motsi, wanda ke jin fizga da karkata, da kuma wata 'yar kyamara a bakinsa da ke kallon hasken da ido ba ya gani daga sandar da ake ɗorawa a kan talabijin. Sandar ba ta gane komai da kanta, fitilu ne kawai a gefunanta biyu, shi ya sa kyandir biyu da aka kunna a nesa da juna suke iya maye gurbinta. Ma'aunin saurin motsi kuwa ba ya sanin juyawar hannu da kyau, don haka 'yan wasa suka gano da wuri cewa ɗan kaɗa wuyan hannu daga kan kujera yana buga ƙwallon tanis daidai da cikakken wurgi. Sai a 2009 aka ƙara masa MotionPlus mai ɗauke da jairo, wato ma'aunin juyawa, sannan takobin da ke cikin wasa ya fara bin hannu yadda ya kamata. Duk da wannan giɓi, an sayar da Wii fiye da miliyan 100, kuma hakan ya tilasta wa abokan hamayya su biyo sahu.

Sony, mai PlayStation, ta fara da Sixaxis a 2006, fad mai jin karkata amma babu girgiza a cikinsa, sannan ta kawo Move mai ƙwallon haske a kansa a 2010. Microsoft, mai Xbox, ta fi kowa zurfafawa, domin Kinect ya kawar da fad ɗin gaba ɗaya, kyamara ce ke karanta jikin mutum daga kai zuwa ƙafa. An sayar da miliyan 8 a kwanaki 60 na farko, amma zuwa 2017 an daina ƙera shi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: yana buƙatar fili mai faɗi, akwai ɗan jinkiri tsakanin motsi da amsa, jiki yana gajiya kafin sha'awar wasa ta ƙare, kuma babu maɓallin da mutum zai danna ya tabbatar cewa umarninsa ya shiga.

A ganina, amfanin gane motsi na gaskiya ya bayyana ne a 2015, lokacin da wasan harbi na Splatoon ya fito a Wii U, magajiyar Wii, ya ɗora saitin harbi a kan jairo. Sandar babban yatsa tana ba da umarnin gudu ne, wato idan ka tura ta, kyamarar cikin wasan tana ci gaba da juyawa har sai ka saki, don haka tsayar da ita daidai kan abu ƙarami yana buƙatar ƙiyasin lokaci. Jairo kuwa yana bin hannu kai tsaye: gwargwadon yadda ka karkata fad, gwargwadon yadda saitin zai matsa, ka tsaya ya tsaya. Wanda ya saba yana zaune ne gwiwoyin hannunsa a kan cinya, babban yatsa ya juyo da kyamara zuwa wajen abokin gaba, sannan wuyan hannu ya ƙarasa da wani ɗan motsi da wanda ke zaune kusa da shi ba lallai ya lura ba. Wannan ƙaramin motsi ya fi duk tsalle-tsallen zamanin Kinect amfani, kuma da shi nake auna fad ɗin nan uku.

DualSense ne ya fi cika ta fuskar kayan ciki. Jairon da ke cikinsa yana da natsuwa da saurin amsawa, kuma faɗin jikinsa yana ba tafin hannu biyu damar riƙe shi da kyau, abin da ke rage rawar saiti. Girgizarsa ta bar tsohon salon ƙaramin inji mai juya nauyi, ta koma wata na'ura da ke iya fitar da motsi siriri ko mai kauri, ta yadda a Astro's Playroom, wasan da ke zuwa a cikin PlayStation 5, tafin hannu yana bambanta takun ƙafa a kan yashi da takunsa a kan ƙarfe ko ƙanƙara. Kunamunsa biyu na baya, wato maɓallan da ake ja da yatsa, suna iya yin tauri bisa umarnin wasa, sai ka ji tsarkiyar baka tana ƙara nauyi a yatsa yayin da kake ja. Wannan aiki ne da ya cancanci yabo ba tare da ragi ba. Aibinsa biyu ne. Batirin da aka gina a cikinsa ba ya jimawa idan girgiza da kunamu suna aiki sosai. Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne yawancin wasannin harbi sun daɗe ba sa amfani da jairon da ke kwance a cikinsa, ko kuma su ɓoye zaɓin a can ƙarshen saituna a kashe. Fortnite ya kawo cikakken saitin jairo a 2022, wasu ma sun biyo baya, amma har yanzu abin bai zama al'ada ba.

Fad ɗin Xbox shi ne ya fi zama a hannu. Sandar hagu tana sama, daidai inda babban yatsa yake sauka da kansa, bayan fad ɗin yana da ɗan kaushi da ke hana santsi idan hannu ya yi gumi, kuma yana karɓar batirin AA, wanda wasu ke gani tsohon yayi ne amma ni ina ganinsa alheri, tunda mutuwar batiri ba ta zama mutuwar fad. Sai dai babu jairo a cikinsa ko kaɗan. Kamfanin da ya taɓa jingina makomar na'urarsa a kan karanta motsin jiki ya koma bai bar ko ɗigon wannan fasaha a fad ɗinsa ba, kuma illar ba ta tsaya kan masu Xbox kaɗai ba, domin mai haɗa wasan da zai fito a na'urori uku yana da ƙarancin dalilin ɓata lokaci a kan abin da ɗaya daga cikinsu ba za ta iya ba. Adalci ne a ambaci cewa Microsoft ta fito da wani fad na musamman mai suna Adaptive Controller a 2018 domin masu lalurar nakasa, kuma jairo da kansa zai iya taimaka wa wanda yatsunsa ba sa iya sarrafa sanda da kyau, abin da ya sa rashinsa ya ƙara zama abin takaici.

Joy-Con ya fi sauran dabara, ya kuma fi su buƙatar haƙuri. Ɓari biyu ne, na hagu da na dama, kuma kowane ɓari yana da nasa jairo, don haka hannu biyu suna iya motsi daban-daban, kamar yadda Ring Fit Adventure na 2019 ya nuna, inda ake saka ɗaya a zobe a ɗaura ɗayan a cinya. Amma tunda babu sandar haske da zai riƙa dubawa kamar a zamanin Wii, yana mance tsakiya sannu a hankali, sai ɗan wasa ya riƙa danna maɓalli yana maido da saitin. Maɓallansa ƙanana ne ga babban hannu, kunamunsa ba su san rabin dannawa ba, abin da ke rage daɗin wasan tseren mota, kuma matsalar sandarsa da ke motsi da kanta ta yi ƙamari har shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri a 2020. Na Switch 2 ya fi girma, yana mannewa da maganaɗisu, kuma ana iya kwantar da shi a kan tebur ya yi aikin linzamin kwamfuta. Inda Nintendo ta yi wa kowa fintinkau shi ne wasanninta na kanta suna ɗaukar jairo da muhimmanci, ko a harbin kibiya a Zelda ma yana nan a kunne.

Ga mai son wasan harbi da saiti mai kyau, DualSense nake ba da shawara, da sharaɗin ya fara duba ko wasannin da yake so suna karɓar jairo. Mai wasan ƙwallo, tsere ko faɗa, wanda motsi bai dame shi ba, zai fi samun sauƙi da na Xbox. Mai Switch da ke wasa na dogon lokaci ya ƙara da Pro Controller, fad ɗin Nintendo mai jiki ɗaya, domin yana da jairo iri ɗaya a jikin da ya fi cika hannu. Wanda kuma zai gwada saitin motsi a karon farko, ya rage ƙarfin jinsa ƙasa sosai, ya sa ya riƙa aiki kawai lokacin da ya danne kunamar hagu, sannan ya ƙara ƙarfin kaɗan-kaɗan yayin da wuyan hannunsa yake sabawa.